Ga Uwarta Nan

Motar lauya ta kafe cikin rairayi tun kafin ta iso garin, sai da aka je da shanun amalanke aka jawo ta. Ko da ya shigo gidan Manzo takalminsa ya cika da ƙasa, amma fara'arsa na nan ba ta ragu ba. Metir Amani ake ce masa. Daga Maraɗi aka ɗauko shi don ya tsaya wa Naziru, ƙanen Manzo, wanda jandarma suka kai gidan kason Tasawa tun ƙarshen kaka saboda abin da ya daɗe yana yi wa 'yar wansa, Ramlatu, yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba.

Safi, matar Manzo, tana tsugune bakin murhu da goyo a bayanta lokacin da aka shimfiɗa wa baƙon tabarma ƙarƙashin rumfa. Ita ta haifi Ramlatu, amma ba za ka taɓa jin haka daga bakinta ba. Ramlatu 'yar fari ce, ana yaye ta aka miƙa ta ɗakin kakarta, Inna, uwar su Manzo da Naziru. Tun daga ranar Safi ba ta kira sunanta ba, ba ta yi mata kitso ba, ba ta zauna da ita kan tabarma ɗaya a gaban mutane ba. In ta kama dole ta ambace ta, sai ta ce "ɗiyar Inna". Haka ta ga uwarta ta yi da yayarta can garinsu Atantane, ta wajen Mayahi, haka kuma ake so mace mai mutunci ta yi. Ita ma yarinyar Safi take ce mata, kamar kowa a gidan.

Ba daga gidan maganar ta fita ba. Madam, malamarsu ta lekwal, wato makarantar boko, ita ce ta lura yarinyar ta daina wasa, tana zabura in an dafa ta. Ta ja ta gefe, ta kai ta asibitin Hawandawaki, majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ya kira jandarma. Wannan tonon asirin shi ya fi ƙona wa mutanen gidan rai. Abin da aka yi wa yarinyar kuwa, Safi ba ta ji ko mutum ɗaya ya yi masa salati ba.

Metir Amani ya sha fura ya yaba dama, ya goge baki, ya dubi Inna da Manzo.

"Bon, ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Takardar likita ta ce an taɓa yarinya, ba ta ce wa ya taɓa ta ba. Maganar yarinya kaɗai ke riƙe da Naziru. To amma akwai abu guda. Ta ce ma alƙali tun kahin Madam ta sani ta hwaɗa ma uwarta, cikin gonar wake. In hakan ya tabbata, aikina ya yi nauyi."

Kowa ya juyo ya dubi bakin murhu. Safi ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa.

Gaskiya ne, an faɗa mata. Wata rana suna roron wake, yarinyar ta yi ta matsowa kunya bayan kunya har ta zo kusa da ita, ta juya mata ƙeya ta ce a hankali, "Safi, in Inna ta tahi kasuwa Baba Naziru shina kirana ɗakinshi. Ni ban so." Safi ta tsaya da roron. Ta duba hagu ta duba dama, ga mata nan kusa, sai abin da bakinta ya saba ya fito: "Tahi ki hwaɗa ma Inna." Yarinyar ta tafi ta faɗa. Inna ta murɗe mata baki har ya kumbura, ta ce wa masu tambaya zanzaro ne ya harbe ta.

"Ni ban ce ma kowa shi yi ƙarya ba," lauyan ya ci gaba, yana murmushi. "Ƙarya haramun ce, doka ma ta hana. Tambaya kawai nike. A ƙasarga tamu, uwa tana zama da ɗiyar hwari suna hira?"

Inna ta tafa hannu. "Wace uwa? Sai dai marar kunya! Wagga ko sunanta ba ta taɓa kira ba."

"Na sani, Inna. Ni ma ɗan hwari ne, ɗan Mayahi. Har uwata ta koma ga Allah ban ji sunana bakinta ba." Ya juya wajen Safi, ya sassauta murya. "Ƙanwata, kada ki ji tsoro. Ranar da anka kira ki, ki yi abin da kinka saba yi. Shi ke nan."

Daɗin bakinsa ya fi tsoratar da ita a kan da a ce tsawa ya yi mata.

Daga ranar gidan ya zama na Naziru, ko da yake ba ya cikinsa. Aka cire Ramlatu daga lekwal, wai Madam ce take cusa mata magana. Tunkiyar da aka ba ta tun ranar sunanta, wadda ta haihu ta sake haihuwa, Manzo ya kora ta kasuwa da 'ya'yanta duka don a sallami lauya. Yarinyar ta bi su har bakin zaure tana kallo. Duk ranar kasuwar Tasawa ana kai wa Naziru fura gidan kaso, kuma Inna ba ta ga wanda ya dace ya daka geron ba sai Ramlatu.

"Ke kinka sa shi ciki, ke za ki ciyar da shi," in ji ta. "Daka, kada in ga tsaki ko guda."

Safi tana daga ƙofar ɗakinta tana jin ƙarar taɓaryar, tana jin inda hannun yarinyar yake gajiya sautin ya rage, sai Inna ta yi gyaran murya ya sake tashi. Tsakaninsu bai fi faɗin tsakar gida ba. Sau nawa ta miƙe za ta karɓi taɓaryar, sai ta tarar da kanta ta nufi randa tana shan ruwan da ba ta jin ƙishirwarsa.

Yarinyar ta fara ramewa. Tuwo in an ba ta sai ta tsakura ta ture. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana ƙarama, kowace safiya Inna ta fito da tabarmar ta shanya bisa danga inda duk mai wucewa zai gani. Yaran unguwa suka samu abin waƙa. In ta je rijiya mata su yi shiru, in ta juya su ci gaba. Akwai masu tausaya mata, amma tausayinsu bai taɓa wuce bakin guga ba.

Da Metir Amani ya sake zuwa, Inna ta ba shi labarin ramar da firgitar, tana cewa ai dama yarinyar tun tana jaririya iska ke taɓa ta. Lauyan ya ɗaga gira.

"Iska? An taɓa kai ta wajen malam?"

"Ba a kai ba, amma ana iya kaiwa."

"Ni dai ban ce a kai ba. Amma in akwai malamin da ya taɓa yi mata magani, alƙali zai so shi ji."

Kafin sati ya zagayo an samo malam. Aka danne yarinyar ana yi mata turare, hayaƙi na shiga mata hanci tana tari tana kiran Inna, ita kuwa Inna ita ke riƙe da ƙafafun. Aka ɗura mata rubutu. Duk garin ya ji ihunta, duk garin kuma ya samu abin faɗa: ashe ɗiyar nan ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa take sambatu. Safi ta shige bayan ɗaki ta cusa bakin zanenta cikin baki don kada a ji kukanta. Tsoro take ji, tsoron kada yarinyar ta mutu a hannunsu, da tsoron kada ta rayu Naziru ya dawo ya tarar da ita.

Wata rana da hantsi, Inna ta fita gaisuwar mutuwa, Safi ta sami Manzo yana gyaran igiyar jaki. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, ɗiyar Inna ba ta cin abinci."

"Ta ci ƙaniyarta," ya ce, bai ɗago ba.

"Malam, in ya hito, nan zai zamna?"

"Ina kike so shi zamna? Gidan ubanshi ne." Ya ajiye igiyar. "Ke, saurara. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Naziru. In anka ɗaure shi shekara da shekaru, tsohuwar nan ba ta ƙara damina. Kina so a ce ni na kashe uwata? Yarinya ce, za ta manta. Kuma wa zai aure ta gobe in alƙali ya buga hatimi ya ce an yi? In an ce ba a yi ba, ai ita anka ruhwa ma asiri."

"Amma ta hwaɗa mini."

Sai a lokacin ya dube ta. Idonsa ja, kuma abin da ta gani ciki ya nuna mata ya sani, ya daɗe da sani.

"Ba ta hwaɗa miki komi ba. In kuwa kinka je Tasawa kinka kwance muna zane, daga can ki nemi motar Mayahi. Wanga na bayanki in ya isa yaye a kawo mini abina."

Ta kai hannu baya ta dafa goyon. Ayuba yana barci, bakinsa a buɗe, bai san an yi cinikinsa ba.

Duk da haka Safi ta ƙudura za ta faɗa. Ta ji an ce alƙalin bincike ɗaya bayan ɗaya yake kiran mutane, ya rufe ƙofa, ba mai jin abin da ka ce. In dai ita kaɗai ce da baƙon da bai san ta ba, bakinta zai buɗe. Ta yi ta maimaita maganar a zuci, in tana daka, in tana jan ruwa: ta faɗa mini, a gonar wake ta faɗa mini. Har ta kai ta iya furta ta a fili in ba kowa kusa. Ranar da za a tafi Tasawa, wajen hawa amalanke, ta yi kamar tana gyara zama ta dafa ƙafar Ramlatu. Yarinyar ta ɗago ta dube ta da sauri, Safi ta gyaɗa mata kai kaɗan. Rabon da ta ga haske a idon yarinyar tun kafin kaka.

Gidan shari'ar Tasawa cike yake da mutane zaune a inuwa, kowa da damuwarsa. Aka bar su jira har rana ta take. Da aka kira sunan Safi ta miƙe, sai ta ji an kira Inna, an kira Ramlatu. Metir Amani ya fito bakin ƙofa da baƙar rigarsa a hannu yana yi musu alamar su shigo tare. Shi ya roƙi alƙali a haɗa su gaba da gaba, wai don gaskiya ta fito da sauri.

Ɗakin ƙarami ne. Ga alƙali bayan tebur, saurayi ne ɗan yamma, Hausarsa ta kasuwa ce. Ga magatakarda a gefe. Ga Naziru kan benci, ya yi fari ya yi ƙiba, furar gida ta karɓe shi. Ramlatu na ganinsa ta ja baya har ta bugi bango. Aka zaunar da Safi kujera ɗaya da Inna, kafaɗa na gogar kafaɗa. Tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa zama daidai da surukarta ba. Ta zame za ta sauka ƙasa, jandarma ya ce ta koma bisa.

Alƙali ya fara da yarinyar. Da muryar da sai an kasa kunne ta sake faɗin abin da ta faɗa tun farko, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ya tambaye ta wa ta fara gaya wa. Ta ɗaga hannu ta nuna Safi.

Alƙali ya juyo. "Madam, ke ce uwar Ramlatu?"

Tambaya ce da ko yaro zai amsa. Amma a gaban Inna aka yi ta, a gaban ƙanen miji, da maza baƙi har uku, kuma da sunan yarinyar tsirara a ciki. Tana jin numfashin Inna a gefen wuyanta. Ba ta yanke shawarar komai ba, kanta ne ya sunkuya da kansa, hannunta ya nuna Inna, bakinta ya faɗi abin da ya shekara goma sha ɗaya yana faɗa wa duk wanda ya yi mata wannan tambayar a biki ko a rijiya.

"Ga uwarta nan."

Alƙali ya dubi takardunsa ya dubi lauya. Metir Amani ya yi masa bayani da Faransanci, a takaice, yana buɗe hannuwa. Alƙali ya gyaɗa kai.

"To, ke kin haife ta, tsohuwa ta riƙe ta. Kuna zama tare? Kuna magana?"

"Ɗiyar Inna ce," in ji Safi.

"Na ji. Ina tambaya, ta taɓa zuwa ta gaya miki wata magana a kan wannan mutum?"

Ga maganar nan a bakinta, wadda ta yi ta maimaitawa. Ta buɗe baki. Inna ta yi gyaran murya, irin wadda take yi in taɓarya ta rage sauti. Ayuba ya motsa a bayanta. Safi ta dubi ƙasa, ta ga ƙafafun Ramlatu can jikin bango, sun yi furu-furu, babban yatsa na danne ɗan'uwansa.

"Ni ban shiga harkarta," ta ce. "A tambayi Inna."

"Ke nan ba ki san komai ba?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Magatakarda ya jira kaɗan, ya rubuta.

Metir Amani bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya miƙe ya yi magana da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa don kowa ya ji. Ya ce shi tausayin yarinyar nan yake ji, don ba ta da lafiya, ga malamin da ke yi mata magani yana waje in ana son ji daga bakinsa. Ta ce ta gaya wa uwarta, ga uwar ta ce ko magana ba ta haɗa su. In wannan bai tabbata ba, da me za a riƙe sauran? Ya juya wajen Ramlatu ya rage tsawo.

"Ɗiyata, ba wanda zai buge ki. Ko dai mahwalki kinka yi?"

Ramlatu ba shi take kallo ba. Safi take kallo. Alƙali ya sake tambayarta har sau biyu, ba ta ɗauke ido daga kan Safi ba.

Da aka fito, Safi ta zagaya bayan ginin ta yi ta amai. Tana ɗagowa ta hangi lauyan ya nufi motarsa yana naɗe baƙar rigar. Ba ta san lokacin da ta sha gabansa ba.

"Metir, don Allah. Kai ka san gaskiya."

Ya tsaya, ya dube ta ba tare da fushi ba. "Ƙanwata, ni ba a tambaye ni ba. Ke anka tambaya."

"Ka san ban iya hwaɗi gaban Inna. Kai ka sa anka haɗa mu."

"Aikina ke nan. Kowane mutum, ko mi anka ce ya yi, doka ta ba shi wanda zai tsaya mishi. In babu irinmu, gobe ana iya ɗauke mijinki a kan ƙarya, ba mai cewa a tsaya a bincika."

"To ita wa ke tsaya mata?"

"Iyayenta ke nema mata." Ya waiga wajen da Manzo yake tsaye yana saya wa Inna goro. "Ubanta kuwa ni ya ɗauka."

"In na koma yanzu na hwaɗa hwa?"

"Ƙohwa buɗe take, ban hana ki ba. Sai dai za a tambaye ki yaushe kinka yi ƙarya, ɗazu ko yanzu. Shaidar zur kuwa tana kai mutum kaso, ko da goyo." Ya buɗe motar, ya waigo. "Ina da ɗiya kamar ta. Ki dinga ba ta madara, ta rame da yawa."

Ya ja motarsa ya tafi. Safi ta tsaya tana kallon ƙofar alƙali, jandarma na zaune bakinta da bindiga a cinya. Ta yi taku biyu ta tsaya. Manzo ya ƙwala mata kira, ta juya ta bi su.

A hanyar komawa ba wanda ya yi wa wani magana sai Inna, da take ta sa wa lauya albarka. Ramlatu ta zauna can ƙarshen amalanke, ta juya wa kowa baya, ƙafafunta na lilo bisa rairayi.

Bayan wannan yarinyar ta daina kuka, ta daina firgita a gaban mutane, ta daina komai. In an ce daka ta daka, in an ce tashi ta tashi. Inna ta ce rubutu ya yi aiki. Safi ta sayi madara wajen Fulanin da ke sauka bayan gari ta ajiye mata a gindin turmi, ta dawo ta tarar ƙudaje sun cika ƙwaryar. In sun haɗu a ƙofar zaure yarinyar takan raɓe ta ba ta hanya, kamar yadda ake yi wa baƙuwa.

Zafin bazara ya fara sauka lokacin da labari ya zo an yi wa Naziru sakin talala, zai zauna gida kafin a ga yadda shari'a za ta kasance. Kowa ya san abin da wannan yake nufi. Aka share ɗakinsa, wanda ƙofarsa ke kallon ta Inna. Aka yanka akuya. Mata suka cika gidan tun da safe ana girki, waɗanda suka yi ta tsegumi a rijiya su ne a gaba wajen kwasar tuwo. Bayan azahar aka jiyo hon ɗin babur ɗin kabu-kabu daga bakin gari, wata ta rangaɗa guɗa, yara suka kwasa da gudu.

Safi ta duba tsakar gida ba ta ga Ramlatu ba. Ta leƙa ɗakin Inna, ta leƙa makewayi, ta zaga garken awaki. Rijiya ce ta faɗo mata a rai. Ta fita ta bayan danga da gudu, goyo na jijjiga, tana dube-dube, tana cewa "Ke! Ke!" don ba ta da abin da za ta kira ta da shi. Wajen rumbuna ta ga takalmin roba ƙafa ɗaya a gindin wani tsohon rumbu. Ta taka dutse ta ɗaga murfin.

Tana ciki, ta dunƙule kan ragowar ƙaiƙayi, ta rungume gwiwoyinta. Zafin cikin rumbun ya bugi fuskar Safi. Yarinyar ta jiƙe sharkaf, jikinta na karkarwa, haƙoranta na haɗuwa.

"Hito," in ji Safi, tana haki. "Hito mu tahi. Yanzu, ta bayan gari. Mu tahi Atantane gidanmu wajen su Iya, ko mu koma Tasawa in hwaɗa ma alƙali. Wallahi zan hwaɗa. Ko ɗaure ni za su yi, zan hwaɗa."

Ta miƙa hannu ciki. Yarinyar ta dubi hannun, ta dubi fuskarta. Ba fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ai kin riga kin hwaɗa," ta ce.

Daga cikin gida hayaniya ta ƙaru, ana ta barka da arziki, ana Allah shi kiyaye gaba. Sai muryar Inna ta keto ta bisa danga, da ƙarfinta kamar ba tsohuwa ba.

"Ramlatu! Ramlatu! Ina take? Ta zo ta kai ma babanta ruwa, ta durƙusa ta roƙe shi gahwara gaban mutane, magana ta wuce!"

"Kada ki je," Safi ta ce. "Don Allah kada ki amsa."

"Na'am, Inna," in ji yarinyar.

Ta miƙe ta kama bakin rumbun ta sauko da kanta, ba ta taɓa hannun da aka miƙa mata ba. Ta sa takalminta ƙafa ɗaya ta nufi gida. Safi ta bi bayanta har bakin danga, nan ƙafafunta suka tsaya, don tsakar gidan cike take da surukai da dattawa. Tana kallo aka miƙa wa yarinyar kwanon sha. Tana kallo ta ratsa mutane, ruwan na zuba bisa ƙafafunta, har ta isa gaban tabarmar da Naziru yake zaune cikin sabuwar riga. Ya ɗago ya yi mata murmushi.

Ba wanda ya karya doka a wannan gida ranar. Lauya ya yi aikinsa an biya shi, alƙali ya rubuta abin da aka gaya masa, Manzo ya fito da ɗan'uwansa, Inna ta ga autanta kafin ta mutu. Mata suka ci suka sha suka watse, suna tafe suna yaba yadda aka rufa asiri. Ita kuwa Safi, labarin abin da ta yi a Tasawa ya zaga garin har ya kai ƙauyukan kusa, yadda alƙali da kansa ya tambaye ta har sau uku ba ta yarda ta amsa 'yar fari a gaban surukarta ba. Har yau in za a kai amarya ɗaki a garin, da Safi tsofaffi suke yi mata misali.